Hayar Suna: Ina Ne Iyakar Dabarar Ɗan Kasuwa a Ƙarƙashin Tutar Wani?



Duk wanda ya ratsa Nima da Mamobi a Accra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, zai lura cewa fuskar kasuwancin zango ta sauya. Ga rumfunan MoMo masu launin ɗorawa a kowace kwana, ga kekunan Fan Milk suna busa ƙaho, ga gidajen mai ɗauke da tutar GOIL ko TotalEnergies. Da yawa daga cikin masu tsayuwa a waɗannan wurare 'ya'yanmu ne. Jarin nasu ne, ko na iyayensu, ko na adashin uwayensu mata; gumin ma nasu ne; amma sunan da ke saman ƙofa na wani ne.

Turawa suna kiran cikakken nau'in wannan ciniki faranchayis, ni kuwa na fi so in kira shi hayar suna, domin ma'anar ke nan. Kamfani mai suna ya ba ka izini ka buɗe shago da sunansa da tambarinsa da tsarin aikinsa na wasu shekaru ƙidayayyu, kai kuma ka zuba jari, ka biya kuɗin shiga, sa'an nan kana miƙa masa wani kaso daga cinikinka. Wakilcin MoMo da tallar madara a keke ba su kai wannan matsayi ba, ƙannensa ne, amma matsalarsu ɗaya ce: mutum yana neman arzikin kansa a cikin shingen da wani ya kafa.

Idan maganar ta taso a zaure, jama'a kan rabu gida biyu. Dattawa sukan ce wannan barantaka ce da aka sanya wa riga mai kyau, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Samari kuwa sukan ɗauka cewa tunda sunan ya shahara, shi zai yi cinikin, nasu kawai su buɗe ƙofa su zauna suna latsa waya. A ganina duka ɓangarorin sun yi tuntuɓe da dutse ɗaya, wato zaton cewa wanda ya yi hayar suna ya tuɓe hankalinsa ya ajiye a bakin ƙofa kamar takalmi. Alhali shi cikakken ɗan kasuwa ne, sai dai gonarsa tana da iyaka, kuma gwanintarsa duka tana cikin sanin abin da yake nasa ya sarrafa da abin da yake amana ce a hannunsa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu, in mun tuna yadda kakanninmu suka zo ƙasar nan. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, suna sauka a Salga, ba kowannensu ne ke da jarin kansa ba. Akwai maigida, akwai yaransa. Yaro yakan karɓi huhun goro bashi a kasuwar da babu wanda ya san ubansa, saboda kawai an san sunan maigidan da ya aiko shi. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892, da fatake suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da sauran garuruwa, da wannan tsari suka tafi, kuma a kansa zangunanmu suka ginu. Yaran nan kuwa iri biyu ne. Akwai wanda za a aika ya je ya dawo da abin da aka ce masa, ba ragi ba ƙari, ya tsufa yana yaro. Akwai kuma wanda zai dawo da kaya da labari: goro ya yi araha a gari kaza, hanya kaza ta fi sauƙin fito, dillali wane ba ya cika alkawari. Irin wannan na biyu shi ake sallama da jari, bayan 'yan shekaru a ji shi ma ya zama maigida.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a nan ƙasar ya ƙware a fataucin goro, kuma yana cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun nan zuwa Ikko maimakon bin doguwar hanyar ƙasa. A 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja a Kano, wanda daga baya ya narke cikin UAC. Farashi na kamfani ne, ma'auni na kamfani ne, kasuwar Turai ta kamfani ce. Amma sanin ƙauyuka, da sanin wanda za a ba kuɗi tun kafin kaka a kwana da kwanciyar hankali, da tarin yaran da ke shiga lungunan da Bature ba ya shiga, waɗannan na Ɗantata ne. Da su ya zama attajirin da ake ba da labari, har aka ce da raƙuma ashirin aka kai wa bankin Turawan Ingila da ke Kano kuɗinsa na azurfa. Wakilci bai rufe masa ƙofar arziki ba, ta nan ma ya shiga.

A shekarar da Ɗantata ya rasu, 1955, wani Ba'amurke mai suna Ray Kroc ya buɗe shagon abinci a garin Des Plaines na jihar Illinois. Ba da sunansa ya buɗe ba, da sunan wasu 'yan'uwa biyu ne, Richard da Maurice McDonald, waɗanda suka ƙirƙiro tsarin a California suka ba shi izinin yaɗa shi. Wato babban kamfanin McDonald's, wanda a yau ake buga misali da shi a hayar suna a duniya, mai hayar suna ne ya gina shi, har ya saye shi daga masu shi a 1961 a kan dala miliyan 2.7. Ko da yake kamfanin bai iso ƙasarmu ba, labarinsa yana da darasi, domin an san Kroc da tsananin ƙa'ida: girman nama, tsawon lokacin suya, tsaftar shago, duk a rubuce. Duk da haka, manyan abincin da suka ɗaukaka sunan kamfanin ba daga ofishinsa suka fito ba.

A 1962 wani mai haya da ake kira Lou Groen yana da shago a birnin Cincinnati, a unguwar da yawancin mazaunanta 'yan ɗarikar Katolika ne, waɗanda a wancan zamani ba sa cin nama ranar Juma'a. Duk Juma'a sai shagonsa ya zama kufai. Bai zauna yana kukan ƙaddara ba, bai kuma soya abin da ya ga dama a ɓoye ba. Ya haɗa burodi da soyayyen kifi, ya ɗauka ya kai wa Kroc. Kroc bai so ba, domin yana da tasa dabarar ta sa yankan abarba da cuku a cikin burodi. Suka yi yarjejeniya a gwada duka biyun a wata Juma'a, wanda ya fi ciniki shi ya ci. Kifi ya yi rinjaye da rata mai nisa, aka sa masa suna Filet-O-Fish, kuma har yau ana sayar da shi. Sai dai kamfani ya sa Groen ya canza irin kifin zuwa mai rahusa don farashi ya daidaita, ya kuwa yarda.

Haka Jim Delligatti, mai haya a yankin Pittsburgh, ya lura cewa masu aikin ƙarfi a yankinsa ɗan burodin kamfani ba ya ƙosar da su. Ya nemi izini, aka ba shi bayan jan ƙafa, ya fara sayar da mai hawa biyu a garin Uniontown a 1967 a kan senti 45. Shi ne Big Mac, wanda aka baza a duk Amurka a 1968. A ɓangaren KFC ma, mai hayar farko, Pete Harman na Salt Lake City, wanda ya fara a 1952, a shagonsa aka fara rubuta sunan Kentucky Fried Chicken, kuma shi ya kawo dabarar zuba kaza a bokitin kwali don iyali su ɗauka su tafi gida a 1957. Nan gida kuwa, tun da KFC ta buɗe a Osu a 2011 a hannun kamfanin Masco Foods, ba ta tsaya kan soyayyen dankali kaɗai ba, sai da ta sa shinkafa dafa-duka a jerin abincinta, domin mutumin Ghana yana son shinkafa.

Me ya sa dabara take fitowa daga ƙasa, alhali kamfani yana da masana da kuɗin bincike? Domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin ofis albashinsa yana zuwa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, mai haya kuwa kuɗinsa ne ke ƙonewa duk ranar da shago ya kwana babu masu saye. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa kamfanoni suke bayar da hayar sunansu maimakon su ɗauki manajoji: suna so su sayi idon mai dukiya, wanda albashi ba ya saye. Saboda haka mai hayar da ya zauna yana jiran suna ya yi masa ciniki ya hana kansa riba, ya kuma hana mai sunan abin da ya ɗauko shi dominsa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

To amma akwai wani abu da ya haɗa mutanen nan uku wanda ya kamata samarinmu su kula da shi. Kowannensu ta ƙofa ya shigar da dabararsa, ba ta katanga ba. Anan ne nake jin tsoro, domin a bakin wasu 'yan kasuwa kalmar dabara ta koma nufin wani abu daban. Mai gidan mai ya taɓa famfo lita ta rage, ko ya gauraya man da wani abu, ya ce dabara. Mai rumfar kuɗin waya ya ƙara wa tsohuwar da ba ta iya karatu ba caji fiye da ƙa'ida, ya ce dabara. Mai firijin madara ya kashe wuta da dare don rage kuɗin lantarki, kaya su narke su sake daskarewa, ya ce dabara. Wannan sunansa algus da tauye mudu, kuma a hayar suna laifinsa ninki biyu ne, domin an cuci mai saye, an kuma ɓata sunan da dubban mutane ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Wake ɗaya ke ɓata gari. A gare mu mazauna zango akwai ninki na uku: idan ɗayanmu ya yi ha'inci, ba sunansa ake kira ba, cewa ake yi mutanen zango ne, gobe kuma ɗan'uwansa ya je neman wakilci a rufe masa ƙofa.

Wanda ya yi karatun babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya san malamanmu sun riga sun shata wannan iyaka a maganar ƙiradi da wakilci. Wanda aka danƙa wa dukiya ya juya amintacce ne, idan asara ta zo ba tare da sakacinsa ba babu lamuni a kansa. Amma da zarar ya ƙetare sharaɗin da mai dukiya ya gindaya masa, kamar a ce kada ya bi da ita ta ruwa shi kuwa ya bi, to ya fita daga inuwar amana, abin da ya salwanta shi zai biya. A cikin abin da ba a hana shi ba kuwa, ana sa ran ya yi amfani da basirarsa, domin don ita aka ba shi dukiyar. Hayar suna ba ƙiradi ba ce ta kowace fuska, tunda jarin na mai haya ne, amma mizanin ɗaya ne: inganci da ma'auni da farashin da aka amince da tambari amana ne, ba a taɓa su, abin da ya rage fili ne.

Filin kuwa ya fi faɗin yadda ake zato. Lokaci naka ne: kamfani bai san cewa a zango ana fara hada-hada daga sallame Asuba ba, bai san cewa a watan azumi cinikin dare ya fi na rana ba, bai san cewa bayan saukowa daga Juma'a ake aika wa dangi kuɗi ba. Harshe naka ne: rumfar da ake jin Hausa da Twi da Dagbani da ɗan Faransanci za ta ja baƙon da ya sauko daga Wagadugu ko Yamai, wanda maƙwabciyarta ba za ta ja ba. Zaɓen ma'aikata naka ne: akwai matan aure da ba sa sakin jiki su faɗi adadin kuɗinsu ga namiji, wanda ya sa mace amintacciya a rumfa ya mallaki cinikinsu. Lissafi naka ne: mai kuɗin waya yana riƙe da jari iri biyu, tsabar kuɗi a aljihu da kuɗin da ke cikin waya, kuma duk wanda ya san ranar da za a fi cirewa da ranar da za a fi turawa, kamar ƙarshen wata da jajiberen Salla da lokacin biyan kuɗin makaranta, ba zai taɓa ce wa mai hulɗa ya dawo gobe ba. Fara'a da haƙuri da riƙe sirrin mutane, duk babu su a takardar kamfani, amma su ne ke sa mutum ya wuce rumfa uku masu launi ɗaya ya zo taka.

Ban ce dattawa ba su da hujja ba, suna da ita, kuma mai nauyi. Dabarar da mai haya ya kawo, da zarar ta karɓu, ta zama dukiyar kamfani. An sayar da Big Mac ba adadi a duniya, amma Delligatti, wanda ya rasu a 2016 yana da shekara 98, bai samu wani kaso daga cinikinsa ba in ban da abin da shagunansa suka sayar. Haka kuma kason mai suna daga ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. A Amurka sabon mai hayar McDonald's yana biyan dala 45,000 kuɗin shiga, da kashi 5 cikin 100 na cinikinsa tun daga 2024, ban da kuɗin hayar gini da na talla, yarjejeniyar kuma ta shekara 20 ce. Ma'ana ko ka yi asara a wata, mai suna ya karɓi nasa. Mu da muka ga 2022, lokacin da darajar sidi ta zube kuma hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, mun san abin da irin wannan sharaɗi zai yi wa mai ƙaramin jari. A shekarar ce kuma aka kawo harajin tura kuɗi ta waya na kashi 1.5 cikin 100, jama'a suka ja baya, masu rumfa suka ɗanɗana kuɗarsu a kan hukuncin da ba su da hannu a ciki, kafin a soke shi a 2025.

Waɗannan duka gaskiya ne, kuma maganinsu shi ne a shiga da ido buɗe. Kakanninmu da baki da shaidu suke ƙulla ciniki, kuma ya ishe su, domin maigida da yaro masallaci ɗaya suke sallah. Kamfani kuwa bai san kunya ba, takarda ya sani. Abin takaici ne a ga mutum ya sayar da filin gado ya sa hannu a yarjejeniya mai shafi talatin da Turanci, bai kai ta ga lauya ba, bai kai ta ga malami ba, sai rigima ta taso a kawo ta zauren sarki bayan alƙalami ya bushe. Kafin a sa hannu a tambaya: shekara nawa ce, kuma wa ke da ikon sabunta ta? Shin an keɓe mini yanki, ko gobe za a buɗe wa wani irin shagona a tsallaken titi? Dole ne daga wurinku zan sayi kaya, kuma da sidi ko da dala? Akwai abin da za a tilasta mini sayarwa wanda addinina bai yarda da shi ba? In na gaji, zan iya sayar da wurin? In na mutu, magadana za su ci gaba, ko izinin ya mutu tare da ni? Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi jefa marayu cikin wahala. Sa'an nan masu haya su haɗa kai, kamar yadda wakilan kuɗin waya suke da ƙungiyarsu a ƙasar nan, domin muryar mutum ɗaya ba ta isa ofishin kamfani, ta ɗari kuwa tana isa.

Game da cewa suna na wani ne, haka ne, ranar da yarjejeniya ta ƙare za a sauke allo a tafi da shi. Amma akwai abubuwan da ba sa sauka tare da allo. Wanda ya yi shekara biyar yana rufe littafin ciniki kowane dare, yana ƙidaya kaya, yana biyan ma'aikata a kan lokaci, yana shigar da kuɗi banki har banki ya san shi, ya koyi ilimin da yawancin kasuwancinmu na gado ke rushewa saboda rashinsa. Sau nawa muka ga babban attajiri ya rasu, dukiyarsa ta bi shi kabari domin lissafin duka a kansa yake? Tsarin da ke sa shago ya yi aiki ko mai shi ba ya nan, shi ne ainihin abin da ake saya a hayar suna, kuma wanda ya koye shi zai iya ɗora shi a kan waake ko kilishi ko fura ko ɗinki, ya kafa sunan da wata rana wasu za su zo haya. Abin da zangunanmu suka gwanance a kai yana da yawa, tsarin rubuta shi da maimaita shi ne muka rasa.

Saboda haka roƙona ga dattawa shi ne kada su hana yaro shiga don sunan ba nasa ba ne, su dai tsaya masa a karanta takarda kafin a miƙa kuɗi, su kuma riƙa tambayarsa littafin lissafi kamar yadda ake tambayar almajiri allonsa. Roƙona ga samari kuwa, wanda ya karɓi tutar wani ya riƙe ta da tsafta, kada ya taɓa mudu, kada ya ƙara sisi a kan ƙa'ida. In ya hango wata dabara ya rubuta ta da alƙaluman cinikinsa, ya kai wa wakilin kamfani, ya nemi a ba shi wata guda ya gwada. In an ƙi, ya ajiye ta a ransa, ranar da zai buɗe nasa tana nan tana jiransa.

Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya tsare mu daga cin haram. Wassalam.